Teku a Gorar Abarshi

A tsohuwar Birnin Gwari, zamanin da ganuwa ke tsaye da ƙofofinta, akwai wani falalen dutse a gindin tsamiya, a unguwar marina. Faɗinsa bai fi shimfiɗar buzu biyu ba. A nan dattawan unguwar ke ciyayya. Da an sallame magariba, kowane magidanci ya fito da akushinsa, a jera.

Ƙa'idar wurin ɗaya ce tun kakanni. Wanda ya fi kowa nisan tafiya shi ke hawa dutse, shi ke fara sa hannu a kowane akushi. Daga shi sai mai bi masa, har akushi ya kai ga na ƙarshe. Kuma ba a auna tafiya da ƙafa. Da ciki ake aunawa. Sai ka ci abin ƙasar, a gaban shaida ɗan gari, sannan a ce ka je.

Nababa ne bisa dutsen. Ya je Gwanja sayen goro yana saurayi, ya ci sakwara a Salga a gaban mutum uku. Shekara ashirin da bakwai ke nan bai gama ba da labarin wannan sakwara ba.

Abarshi kuwa shi ne na ƙarshe. Marini ne, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa. Iyakar tafiyarsa Gayam, ya je biki ya ci dambu ya dawo. In akushi ya iso gabansa, sai gayan tuwo da sawun yatsun mutum goma sha ɗaya. Rana ɗaya aka yi musu kaciya shi da Nababa, kuma Nababa ne ya yi kuka. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Wata rana matarsa Furera ta yi miyar zabo. Nababa ya zari cinya, ya zari ƙirji, ya suɗe yatsu.

Ya ce, "Abarshi, a gaida Furera. A Salga ma haka suke yin ta, sai dai su ba sa rowar mai. Amma ina za ka sani?"

Aka yi dariya. Abarshi ya miƙe ya shige gida. Da gari ya waye ya rufe ramukan karofinsa, ya sayi jaki, ya nufi zangon fatake ya tambayi madugu inda ƙasa ta ƙare.

Madugu ya ce, "Ikko. Bayanta ruwa ne."

"Ruwan wa?"

"Ba shi da mai shi. Teku ake ce masa."

"To can za ni."

Furera ta tsaya a bakin ɗaki tana kallonsa yana ɗaure kaya.

Ta ce, "Malam, shekara talatin ba ka cin girkin kowa sai nawa. Ko na ƙanwarka cewa kake yi yana ƙauri."

Ya ce, "Ba daɗi zan je nema ba."

Ya ɗauki Salmanu wanzami a matsayin shaida. Salmanu dattijo ne mai tumbi, ba ya ƙin tayi. Aikinsa ɗaya: ya kalli bakin Abarshi yana tauna.

Suka bi ayari suka yi kudu. A Bida aka kai su kallon masu narka kwalba suna fitar da mundaye kore da shuɗi. Fatake suna ta salati. Abarshi ya ɗauki munduwa ɗaya, ya tofa mata yawu, ya goga a rigarsa, ya ga launin bai fita ba. Ya ce ba laifi. Da yamma aka kawo shinkafa da kifi mai gashin baki irin na tsohon dogari. Abarshi ya dubi kifin, kifin ya dube shi.

"Salmanu, kalli bakina."

"Ina gani," in ji Salmanu, kansa a cikin tasa ƙwaryar.

"Ba ka gani ba. Ɗago."

Salmanu ya ɗago. Abarshi ya haɗiye, ido ya cika da ƙwalla.

A bakin Kwara jakin ya ƙi shiga kwalekwale, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi cak. Abarshi ya shiga da ƙafarsa, amma ya runtse ido tun daga wannan gaɓa har waccan. Da suka sauka aka tambaye shi yadda ya ga kogin. Ya ce Mariga ce, kogin ƙasarsu, ta ƙoshi.

A Ilori ne aka yi ɓarna. Wata bazawara mai sayar da abinci a bakin kasuwa ta ajiye musu tuwon garin doya, baƙi, santsi, da miya mai yauƙi da jan mai yana yawo a kai. Abarshi ya tambaya wa ya rina tuwon, don rinin bai kama sosai ba. Ya kai loma ɗaya, barkono ya bi ta hancinsa ya fita ta kunne. Hawaye ya zubo masa, ya ce hayaƙi ne. Salmanu ya ci malmala huɗu, ya nemi ta biyar. Kwana tara ayari ya yi a Ilori. Ranar tashi aka nemi Salmanu, aka same shi zaune a bayan tukunya, an ɗaura masa aure da mai abincin.

"Tashi mu tafi," in ji Abarshi.

"Ni na iso."

"Kai shaidata ne!"

"Na shaida. Ka ci kifi, ka ci baƙin tuwo, har ka yi kuka."

"Ban yi kuka ba. Wa za ka gaya wa, kana nan?"

Salmanu ya ce, "In wani ɗan Birnin Gwari ya biyo, sai in gaya masa."

Shaidar da ba ta koma gida ba, ba shaida ba ce. Kifin ya tafi a banza, barkonon ma haka. Da wani ne, da ya juya. Abarshi ya ja jakinsa ya bi ayari. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Ikko ta riga ta faɗa hannun Turawa a lokacin. Abarshi ya sauka a gidan wani fatoma Bakano, Abubakar, wanda ya zaga da shi gari. Ya ga ɗaki bisa ɗaki, mutane na kwana a kan mutane. Ya ga jirgi mai cin wuta yana aman hayaƙi, babu mai tuƙi, babu mai kashe gobarar. Ya ga Bature ja wur cikin wando matsattse, ya ji tausayinsa, don a ganinsa ƙyalle ne bai isa ba.

Abubakar ya sa aka dafa masa ƙaguwa da dodon koɗi. Abarshi ya ture.

"Baba, ba don cin abin ƙasar ka zo ba?"

"Kai ɗan ina ne?"

"Kano."

"To idonka ba shi da amfani." Ya buɗe jakarsa ya ci sauran ƙuli-ƙulin Furera, wanda ya yi tauri kamar tsakuwa.

Da hantsi Abubakar ya kai shi bakin teku. Abarshi ya tsaya. Ruwa ne babu waccan gaɓa. Yana tahowa da ruri kamar zai ci gari, ya zo bakin yashi ya ja da baya, kamar suruki a ƙofar zaure. Shuɗi ne har inda ido ya ƙare. Abarshi ya daɗe yana lissafin baban rinin da aka zuba. Sai ya sunkuya ya ɗebo da tafin hannu, ya ga fari tas.

Ya ce, "Rinin ƙarya ne."

Abubakar ya ce, "Ɗanɗana ka ji, Baba. Gishiri ne zalla."

Hannun ya kusa kai wa baki, ya tsaya. Nan dabara ta faɗo masa. Bayan Ikko babu ƙasa, sai wannan. Wanda ya sha teku, ba mai wuce shi har abada. In shaida ba ta zo wurin teku ba, teku ta je wurin shaida. Zai shanye ta a gindin tsamiya, a gaban mutum goma sha ɗaya, Nababa na kallo.

Ya sayi gora babba, ya naɗe wando ya shiga. Igiyar ruwa ta zo ta kife shi, ta juya shi sau biyu, ta tofar da shi a yashi babu hula. Ya miƙe da gora cike, leɓɓansa a damtse. Ko ɗigo bai bari ya shiga ba. Ba ya son ya ɓata na farko a inda babu mai gani.

Ya toshe bakin gorar da totuwa. Ya haɗa da ƙaguwa guda da dodon koɗi shida, don ƙari. Ƙaguwar ta kwance kanta a kwana na biyu, ta tafi a karkace. Dodon koɗin ya kai Ilori, a nan fatake suka ce ko shi ko su. Ya hangi Salmanu ya ƙara tumbi, ya kau da kai. A Kwara mai fito ya girgiza gorar ya tambaya me ya sa mutum zai ƙetare da ruwa a kan ruwa. Abarshi ya ce wannan ruwan yayan naka ne, ka yi tuƙinka.

Wata takwas da fitarsa ya shigo dajin Birnin Gwari, shi kaɗai da jakinsa, don ayari ya yi gabas. Saura rabin yini ya isa gida. Gorar ta sha rana, gumin jikinta ya bushe ya zama farin gari. Yana cikin tafiya tsakanin doka da maɗaci sai ya ji taku a bayansa. Ya waiga, saniya. Ya ƙara gaba ya waiga, bakwai. Kafin azahar garke guda ne ke biye da shi, hancinsu a sama, jan bijimi mai ƙaho ɗaya a gaba.

Ya kore su, suka dawo. Lokacin salla ya yi. Ya sauke gorar, ya jingine ta a gindin doka, ya yi taimama ya kabbarta. Yana raka'a ta biyu ya ga bijimin ta wutsiyar ido. Bijimin ya lashi gorar. Ya kama totuwar da baki ya zare. Gorar ta karkata, teku ta fara zuba, bijimin ya sa harshe yana tarewa.

Abarshi bai taɓa yanke salla ba, kuma bai yanke ba. Amma ba a taɓa yin raka'a biyu da sauri irin na ranar ba. Ya sallame ya yi tsalle. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Sai ga mai shanun da gudu, sanda a kafaɗa. Hammadu ne, na rugar bakin rafi, wanda matansa ke kai nono unguwar marina.

"Baba Abarshi! Ashe kai ne? Wane asiri ka yo a kudu da ka kwashe mini garke?"

"Sanka ya sha mini teku."

"Ya sha me?"

"Teku."

Hammadu ya dubi bijimin, ya dubi gorar. "Tana kisa?"

"Ban sani ba. Ban sha ba." Abarshi ya toshe gorar. "Kada ka gaya wa kowa."

"Me zan ce musu? Ni ban ma gane ba."

Da la'asar ya shiga gari. Mata suka yi guɗa. Al'ada ce, matafiyi ba ya kwance kayansa. Uwargida ke karɓa, ita ke raba tsaraba, shi kuma ya wuce gaisuwar waɗanda suka rasu bayansa tun ƙurar hanya na ƙafarsa. Mutum biyar aka rasa. Abarshi ya miƙa wa Furera igiyar jaki ya wuce. Bai ce mata komai game da gora ba. Ba ya yi wa kowa bayani, balle a ƙofar gida.

Daga gidan gaisuwa na biyar ya wuce masallaci, daga masallaci gindin tsamiya. Aka yi masa barka da sauka. Nababa na bisa dutse, ya ƙara ƙiba.

"Ina Salmanu?" in ji Nababa.

"Yana Ilori."

"Ayya. Wato babu shaida. To zauna inda ka saba, wurin na nan, ba wanda ya taɓa maka."

Abarshi ya zauna a ƙarshen layi yana murmushi. Ya ƙudurta sai an gama ci. Yana so ya ji ɗanɗanon gayan tuwo sau ɗaya na ban kwana.

Akushinsa ya fi na kowa girma ranar: tuwon dawa, miyar kuka da zakara. Nababa ya sa hannu ya kai baki, ya lumshe ido.

"Kai! Yau Furera ta samu gishiri."

Gishiri ya yi wuya a shekarar, wata uku ana cin miya lami. Akushin ya bi layi, kowa na kwasar miya kamar da gayya. Da ya iso gaban Abarshi ko danshi babu. Ya ci gayan tuwonsa, ya wanke hannu, ya miƙe tsaye.

"Baba Maliki, a saurara."

Maliki shi ne mafi tsufa, shi ke riƙe da ƙa'ida. Haƙori biyu suka rage masa. Ya karkato da kunnensa mai ji.

"Na je inda ƙasa ta ƙare. Na taho da teku a gora. Yanzu zan sha a gabanku."

Gidansa na daf da tsamiyar, zana kawai ta raba. Ya je bakin zanar ya yi kira, kowa na ji.

"Ke! Miƙo mini gora."

Muryar Furera ta fito daga madafi. "Wace gora, Malam?"

"Guda nawa na kawo?"

"Au, ta gishiri? Allah ya saka da alheri. Na buɗe kaya ban ga goro ba, ban ga zane ba, har raina ya ɓaci. Da na ɗanɗana sai na ce ashe ka tuna da ni."

"Ina take?"

"Tana cikin miya."

"Duka?"

"Ai ruwa-ruwa ne, sai da na juye duka na bar shi ya tafasa ya ƙone. Na ɗauraye gorar na kife."

Wani ya dafa cikinsa. Nababa ne ya fara dariya, har yana dukan dutse.

"Baba Maliki, wa ya fara sa hannu a akushin nan?"

"Kai ne."

"A gaban wa?"

"A gabanmu duka."

"To na ci teku. Ku ma kun ci, kowa bisa layinsa. Dukanmu mun je Ikko." Ya nuna Abarshi. "Ban da wannan."

Abarshi ya ce, "Ni na je da ƙafata! Ruwan ya kife ni, ya cinye mini hula!"

Nababa ya ce, "Ƙafa? Jakinka ma ya je. Da ciki ake aunawa, ba ni na kafa ba."

Maliki ya gyaɗa kai. "Ciki ne shaida. Wanda abin ya fara shiga cikinsa a gaban ɗan gari, dutse nasa ne."

Wani daga tsakiyar layi ya ce ai Furera ta riga kowa ɗanɗanawa. Aka tambaye ta ta bayan zana wa ya gan ta. Ta ce daga ita sai kaji. Nababa ya gyara zama.

Abarshi ya tsaya yana kallon dutsen. Wata takwas. Kifi mai gashin baki. Ya san shi kam ba zai hau ba, ko yau ko gobe. Akwai magana ɗaya a bakinsa, wadda ya hana Hammadu faɗa don kunya. Ya auna kunyar, ya auna Nababa.

"Baba Maliki, ni ɗan gari ne?"

"Kai da ubanka da kakanka."

"Shaidata tana karɓuwa?"

"Ba a taɓa kama ka da ƙarya ba."

"To na shaida. Yau da azahar, a gindin doka, jan bijimin Hammadu mai ƙaho ɗaya ya zare totuwa ya sha teku. Tsagwaronta, ba kuka, ba daddawa. Da idona na gani."

Nababa ya miƙe. "Sa? Dabba?"

"Yana da ciki?" in ji Abarshi.

Maliki ya daɗe yana tauna dasashinsa. Ya ce, "Yana da shi. Mahauta ma sun ce huɗu ne."

"Baba, wannan wasa ne!"

"Kai ka ce da ciki ake aunawa. Sauko."

Washegari aka aika wa Hammadu. Ya zo da bijimin kafin magariba, yana tambayar ko tara za a ci shi. Aka ce a'a, girma za a ba san nasa. Bijimin ya hau falalen dutsen ya kwanta kamar gadonsa. Aka miƙa masa lomar farko ta kowane akushi. Ya shinshina goma sha ɗaya ya kau da kai, ya ci ta Furera. Hammadu ya ce shi dai ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, Hausawa sun haukace, a ba shi fura ya koma.

Kwana uku ya kawo shi, ya ce kiwo na jiransa. Da rani ya tsaya ya kaɗa garkensa kudu neman ruwa, kamar kowace shekara. Dutsen ya zauna fanko, don mai shi na da rai. Kullum sai a gutsuri lomar farko a ajiye a kai, kaji su cinye.

Layi bai sake ba, Abarshi na nan na ƙarshe. Amma da Nababa ya sauko ƙasa sai layin ya zama da'ira, na farko da na ƙarshe suka haɗa kafaɗa. Wata biyu ba su yi wa juna magana ba.

Wani maraice, ana jiran akushi, Nababa ya yi gyaran murya, bai waiwayo ba.

"Abarshi."

"Mm."

"Ita tekun nan, yaya take?"

"Kai ka ci ta. Kai za ka gaya mini."

Nababa ya lashi leɓe.

Ya ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa."